Ina son zuwa Kiribi ɗaukar hoton bakin teku, amma kaina ya kulle

Sani Mai Hoto (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Shekara shida ina ɗaukar hoto a nan Garwa, arewacin Kamaru. Biki, suna, saukar karatu, hoton katin shaida, iyakarta ke nan. Tun rasuwar mahaifinmu a hannun Kawu na tashi. Ya ajiye ni a shagonsa na atamfa, na yi shekara biyu, muka saɓa kan wani lissafi da har yau ban yarda ni na ɓata shi ba, sai na koma wajen wani mai sutudiyo. Har gobe Kawu ce min yake mai ɗaukar inuwar mutane. Na faɗi wannan ne don ku gane halin da nake ciki.

Wata biyu da suka wuce wani abokina ya turo min hotunan wani wuri kudu da Kiribi. Ba Lobe ba, inda kogi ke zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku, wancan ko a kalanda mun gan shi. Wannan duwatsu ne a bakin ruwa, in teku ya janye sai ya bar ƙananan kududdufai a tsakaninsu, ruwa garau, ga 'yan kifaye da ƙaguwa da katantanwa kamar an zuba a kwano. Babu mutum ko ɗaya a hoton. Tun ranar hankalina ya koma can.

Na tara jaka 140. Niyyata mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sai mota ta Edeya zuwa Kiribi. Ban taɓa ganin teku ba, iyakata Binuwai da Lagdo. Yaya ake samun irin wuraren nan da ba kowa? Yaushe ruwan ke janyewa? Kuɗin zai kai? Hajiyata ba ta san da maganar ba tukuna. Kuma dole in dawo kafin 20 ga watan Turawa.

Alhaji Direba:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka buɗe kunnenka. Shekara 19 ina jan tirela tsakanin Duwala da Injamena, tun kafin a buɗe sabuwar tashar jirgin ruwan Kiribi a 2018 nake shiga garin nan. Babu wata gaɓa a can da "ba kowa". Kai ne ba ka gan su ba. Kowane yashi da ƙauyen da ke da shi, kafin ka ɗaga kyamara yara uku sun tsaya a kanka. Ka fara isa wajen mai gari, ka gaishe shi, ka ba da ɗan abin goro, a haɗa ka da yaron da zai raka ka. Ruwa kuwa da asuba yake janyewa, kullum. Ka idar da sallah ka fita. Kuɗinka kuma ba zai kai ba. Garin masu hutu ne, ranar Asabar mutanen Duwala da Yawunde ke cika shi, komai ya tashi. Ka ƙara jaka 60 ko ka zauna gida.

Maryam (ɗaliba a Duwala):
Baba Alhaji, a gafarce ni, maganar mai gari gaskiya ce amma ta asuba ba haka take ba. Teku na cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna. Kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kusan minti 50, don wata yake bi ba rana ba. In yau ya janye ƙarfe shida na safe, bayan mako guda ƙarfe shidan nan kusan a cike za ka same shi.

Yaya Sani, lissafin watanmu na Musulunci shi zai yi maka aiki. Ruwa ya fi ja da baya sosai a farkon wata da kuma 14 zuwa 16, lokacin ne duwatsun can ciki ke fitowa. Wajen 7 da 8, ko 22 da 23, janyewar kaɗan ce, za ka iya zuwa ka tarar kududdufan naka suna ƙarƙashin ruwa. Matsalar ita ce a gaɓar nan tamu, ranakun babbar janyewa wajen hantsi zuwa tsakar rana take faɗowa, ga rana a tsaye, ruwan sai ƙyalli. Ka nemi gilashin kashe ƙyallin nan da ake ɗaurawa a bakin kyamara, folariza, shi ke sa a ga har ƙasan kududdufi. Akwai jadawalin cika da janyewar Kiribi a intanet, kyauta. Wane wata za ka tafi? Ba ka faɗa ba. Satumba da Oktoba ruwan sama ba ya ɗagawa, Disamba zuwa Fabrairu ya fi.

Alhaji Direba:
'Yata, ke a takarda kika karanta, ni da idona na gani. Duk kwanan da na yi a garin nan da asuba na ga masunta na tura kwale-kwale a kan yashi.

Abakar (Injamena):
Ni da na ji an ce Kiribi raina ɓaci yake. Tun 2003 manmu ke bin bututu daga Doba, kilomita 1,070, ya je ya shiga jirgi a tekun nan, mu ko ƙafarmu ba ta taɓa ruwan ba. In ka je ka ɗauko min hoton inda yake fita in nuna wa yarana.

Ɗanladi Kusiri:
Abakar kar ka jefa yaro a wahala. Sani, duk abin da ya shafi tashar jirgi, bututu, gada ko barikin soja, ko da wasa kar ka nuna masa kyamara. Ni wayata ce kawai, ina ɗaukar faɗuwar rana, ashe akwai wani gini a bayan hoton. Wasu masu kaki suka tsare ni tun la'asar har bayan isha'i, suka goge komai har hotunan sunan ɗiyata, kuma sai da na yi abin da ake yi kafin a sake ni. Har yau matata ba ta yafe min hotunan nan ba. Hanyar kudu da kake magana ta kusa da sabuwar tashar take bi, katin shaidarka ya zauna a aljihu.

Maman Hanifa:
Duk kun bar babbar magana kuna ta lissafin wata. Ɗana, Hajiyarka ba ta sani ba? Ƙanena haka ya yi mana, ya ce Ngaundare zai je sayen doya, sai daga Duwala muka ji muryarsa. Innarmu ta yi sati ba ta iya cin tuwo ba. Yanzu shekara huɗu, ko sallah ba ya zuwa, sai dai ya turo jaka biyar ta waya kamar mabarata. Ka je ka durƙusa ka gaya mata. In ta ce a'a, to a'a ce.

Malam Buba (Marwa):
Abin da ke ba ni mamaki, ga Rumsiki a bayan gidanmu, Turawa na biyan kuɗin jirgi su zo ɗaukar duwatsun Kafsiki, mu kuma sai na nesa. Ka gama da Lagdo ne?

Sani Mai Hoto (Garwa):
Na gode duka. Maman Hanifa, ba ɓoye mata nake ba, hawan jini gare ta, ina jiran lokacin da ya dace ne. Malam Buba, Lagdo na ɗauka ya fi sau ashirin, ba wanda ya taɓa tambayata kwafi ɗaya. Baba Alhaji, maganar ɗan rakiya fa, ni so nake in kasance ni kaɗai, da mutum a kusa ba na iya natsuwa. Ruwa kuma ba ya ba ni tsoro, tun ina ɗan shekara tara nake iyo a Binuwai. Maryam, tikitin jirgin na riga na saya, 6 ga watan Musulunci zan isa, kwana uku zan yi.

Maryam (ɗaliba a Duwala):
Yaya Sani, 6 zuwa 8 fa su ne ranakun da na ce janyewar ba ta da yawa. Ka ɗaga tafiyar da mako ɗaya mana.

Kuma don Allah kar ka haɗa Binuwai da teku. Kogi gefe ɗaya yake tafiya, ka san inda ya nufa. Teku akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, daga sama sai ka ga wurin ya fi ko'ina lafawa. In ya ja mutum ba a kokawa da shi, gefe ake yi, a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinsa. A kan duwatsun kuma gansakuka ta fi sabulu santsi, ga kaifin katantanwa, kar ka hau da silifa. Kar ka juya wa teku baya kana leƙen kyamara, igiya ɗaya babba ta isa. Ruwan da ke dawowa ta bayanka yake zagayowa, dutsen da ka taka a bushe ka wuce sai ka waiwayo ka ga babu shi. Amfanin ɗan rakiyar ke nan. In Ebodje ka nufa, wajen kilomita 50 kudu da Kiribi, mutanen garin sun saba da baƙi saboda kunkurun teku da ke zuwa yin ƙwai a yashinsu, samun mai raka ka ba wuya. Iskar gishiri ma na cin kyamara, ka riƙa gogewa kullum, kar ka canja gilashi a bakin ruwa.

Alhaji Direba:
Ni dai na faɗa. Wanda ya ce shi kaɗai zai shiga wurin da masu wurin ma ke shiga da ladabi, ban da abin ce masa. Ka tambayi Batanga, 'yan asalin wurin, labarin mutanen ruwa. Ka bar Kiribin ma, ka tafi Limbe, yashinsu baƙi ne saboda dutsen Kamaru mai aman wuta, hoto ya fi fita. Daga Duwala awa biyu ba ta cika ba.

Ɗanladi Kusiri:
Alhaji, Limbe a wannan yanayin? Yankin masu Ingilishi ne fa, tun 2016 ba a zauna lafiya ba. Kai da kanka ka san yadda Litinin take a can, ranar zaman gida dole.

Maman Hanifa:
Wai tsaya, kyamarar ma taka ce?

Sani Mai Hoto (Garwa):
Ta maigidana ce, amma ni nake riƙe ta shekara uku, ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Ya tafi Umara, 20 ga watan Turawa zai dawo, shi ya sa ba zan iya ɗagawa ba. Ba sata ba ce, zan gaya masa in ya ga hotunan. Maryam, ko janyewar kaɗan ce ai dai zai janye ko? Folarizar nan a Yawunde wace kasuwa ake samunta, kuma nawa ne?

Abakar (Injamena):
Hoton bututun fa, kar ka manta.