Neman shawara: aikin da nake yi daga gida ya raba ni da mutane

Maman Hanif: Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, a yi haƙuri zai ɗan yi tsawo. Ni aikina rubuta bayanan likitoci ne daga gida, wato likita in ya gama ganin mara lafiya sai ya naɗi muryarsa yana faɗin abin da ya gani da maganin da ya bayar, a turo min in saurara in mayar da shi rubutu. Kamfanin a Amurka yake. Asali fannin adana bayanan marasa lafiya na karanta, na yi aiki a wani asibitin kuɗi a Kano inda albashi sai an ga dama ake ba mu, ga wulaƙancin matar mai asibitin da ko aikin ba ta sani ba amma kullum tana kanmu, har wata ƙawata ta nuna min wannan hanyar na yi kwas ta intanet, sarƙata na sayar na sayi laftof da hedifon da fedar nan da ake takawa da ƙafa a tsayar da magana ko a dawo da ita baya, daga baya na haɗa inbata saboda wuta. Alhamdulillah ana samu.

Matsalar ita ce tsakaninmu da gabashin Amurka awa 6 ne, in sun canza agogo ya koma 5, to lokacin da likitoci ke tashi ƙarfe 5 na yamma mu nan 10 ko 11 na dare ne, a lokacin aiki ke zubowa. Layi-layi ake biya, layi ɗaya harafi 65, wadda take kan kwamfuta ita ke kwashewa. Sai in kai asuba ina yi, da rana barci. Biki ya wuce ni, suna ya wuce ni, Islamiyya na daina zuwa. Maƙociyata ta haihu sai bayan suna na ji. Wlh sai in wuni in kwana muryar da na fi ji ta wani likita ce da bai ma san ina duniya ba. Ya zan yi?

Hajiya Mai Atamfa: Wslm. Ƙanwata ki ajiye aikin nan, magana ɗaya ce. Mutum rahama ne, ranar da wani abu ya same ki maƙotan nan da kika daina shiga gidajensu su za su fara zuwa, dala ba ta zuwa gaisuwa. Ki haɗa jari ki fara saro kaya a Kwari, kina ciniki kina ganin jama'a.

Ummu Sudais: Ba ki ce komai kan maigidan ba, shi ya yake gani? Kuma wa ke kula da Hanif da rana?

Nas Rabi: Hajiya a yanayin nan za a ce mutum ya bar aikin dala? Ni fa aikin dare nake yi a asibiti tun kafin in yi aure, ban mutu ba. Abin da ke ci min rai ma shi ne yadda ake raba ranakun aiki, waɗanda suke da uwa a gindin murhu ba a taɓa sa su dare a watan azumi, mu ne dai kullum, in ka yi magana a ce ka cika ƙorafi, jiya ma ni kaɗai ce a ɗaki mai cike da marasa lafiya ga babu wuta da fitilar waya na sa wa wata allura.

Maman Hanif: Nas ke ai kina da abokan aiki, ko faɗa kuka yi dai kun yi magana. Ni babu kowa. Hajiya na gode amma barin aikin ba ya cikin lissafi, da shi nake biya wa ƙannena makaranta.

Abu Yasir: 'Yar uwa akwai wuraren da ake biya a zauna a yi aiki da wuta da intanet, a Kano ma akwai su. Ki riƙa zuwa ko sau biyu a sati, za ki ga mutane.

Maman Hanif: Malam ba zai yiwu ba. A Amurka suna da doka ta sirrin mara lafiya, HIPAA, tun 1996 take, kuma na sa hannu cewa ba wanda zai ga allon kwamfutata ko ya ji sautin. Ko a gida ƙofa nake kullewa. Kuma wane wuri ne zai buɗe min ƙarfe 1 na dare? Abin da ya fi damuna ma ke nan, ba ni da ikon ba wa kowa labari. Akwai daren da na rubuta bayanin wanda aka gano masa cutar daji ta riga ta bazu, likitan yana faɗa yana tauna abu a baki, na cire hedifon na yi kuka na mayar na ci gaba saboda lokaci na tafiya.

Hajiya Mai Atamfa: Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa. Wannan ai cutar kai ce. Kuma ɗana ya ce min yanzu na'ura ce ke rubuta irin wannan, gara ki fita da ƙafarki tun kafin su sallame ki.

Ɗalibi a Indiya: Hajiya ɗanki yana da gaskiya ta wani ɓangaren, manhajoji irin su Dragon suna fitar da rubutun farko, amma har yanzu mutum ake sa wa ya gyara domin tana iya jin 15 ta rubuta 50 a adadin magani. Sai dai kuɗin gyara bai kai na rubutawa daga farko ba. A nan Bangalore mutane da yawa sun daɗe suna wannan aikin. Anti shawarata ki nemi kamfanin da ke aiki da asibitocin Ingila, lokacin zafinsu agogonmu ɗaya da su, da sanyi kuma awa 1 ce kawai, kin ga da rana za ki yi aiki. Sannan ki tambayi mai duba aikinku ko akwai zauren hira na ma'aikata, in babu ku buɗe, ba sai kun ambaci mara lafiya ba.

Maman Hanif: Na gode ƙanina. Amma likitocin nan na saba da muryoyinsu, na san wanda ke haɗiye ƙarshen kalma da wanda ke gudu, in na koma Ingila sabon kunne zan fara yi ga rubutunsu da sunayen wasu magungunan ma daban, saurina zai ragu kuɗi ya ragu. Zaure kuma akwai, gyaran kuskure kawai ake turowa a ciki.

Nas Rabi: To ki tsayar da dare biyu a sati da ba kya aiki, ki yi barci kamar kowa, da safe ki je Islamiyya ki leƙa maƙota. Kuma ki riƙa fita rana ko yaya ne.

Maman Hanif: In na saba jikina da barcin dare kwana biyu, na uku ba na iya tashi, na gwada.

Ummu Sudais: Har yanzu dai ba ki amsa min maganar maigidan ba.

Hajiya Mai Atamfa: Duk abin da aka faɗa sai ki kawo uzuri. Ni na girme ki kuma don Allah nake faɗa miki, zumunci a ƙafa yake. Ki bar aikin nan.

Maman Hanif: Hajiya ba uzuri ba ne, ban ce a raba ni da aikin ba, yadda zan haɗa shi da mutane nake nema. Ummu Sudais wannan doguwar magana ce, sai dai ta waya.

'Yar Zariya: Anti dan Allah kwas ɗin nawa ne, kuma suna ɗaukar wadda ta karanta kimiyyar halittu? Na gama bautar ƙasa ina zaune ba aiki.