Neman suna ga gurbin da ke fitowa a boris

Kanikawanmu sun daɗe da sabawa da kalmar boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki da ke sauƙaƙa juyawar taya ko sandar inji, don haka ba ita ce abin tattaunawa ba. Abin da nake neman ra'ayin masana a kansa shi ne lalacewar da injiniyoyi ke kira "birinelin", sunan da ya fito daga Johan August Brinell, injiniyan Suwidin wanda a 1900 ya fito da dabarar auna taurin ƙarfe ta hanyar danna ƙwallo mai tauri a kansa, sannan a auna faɗin gurbin da ya bari.

Idan aka buɗe boris aka ga ƙananan gurabe a jikin zoben, tazararsu daidai da tazarar ƙwallayen, to abu biyu ne ke iya jawo su. Na farko nauyi ne ko duka, galibi daga mai ɗaurawa da ya sa guduma maimakon ya ɗumama boris ɗin ya shiga da kansa. A nan ƙarfen nutsewa ya yi, babu abin da ya ragu daga jikinsa, kuma har layukan wāshi na masana'anta ana iya gani a cikin gurbin. Wannan ina ganin "loɓewa" ta ishe shi, domin kowa ya san yadda kwano ke loɓewa.

Na biyun ne mai wahalar suna. Yana samun injin da ke ajiye ba ya aiki, kamar famfon ko-ta-kwana da ke kusa da wani injin mai girgiza: ƙwallayen suna motsi kaɗan-kaɗan a wuri guda, giris ya kauce daga ƙarƙashinsu, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe har gurbi ya fito, sau da yawa da jan gari mai kama da tsatsa. Wani injiniya mai suna J. O. Almen ya bayyana shi a 1937, bayan an lura cewa boris ɗin tayoyin sababbin motoci na lalacewa tun suna kan jirgin ƙasa, kafin a tuƙa su. Turawa suna kiransa birinelin na ƙarya, amma ban goyi bayan mu ce "loɓewar ƙarya" ba, domin bakanike zai ɗauka ba matsala ba ce, alhali injin zai tashi da ƙara da girgiza.

Shawarata ita ce "zaizayar zaune". Zaizaya ta nuna cewa ƙarfe ne ya ragu, zaune kuma ta nuna lokacin da abin ke faruwa, har ta tuna wa mai kula da sito maganinsa: ya riƙa juya sandar injin da hannu lokaci-lokaci, ya ɗaure ta idan za a yi jigila, ya kuma nisanta ajiyar daga girgiza. An kawo mini "cin zaune", kuma ta fi sauƙin faɗa a gareji, sai dai a rubutaccen rahoto na fi son zaizaya. Ina kuma son jin abin da kanikawan Nijar ke cewa.