Gutsuro naman furostet don gwaji: wa ke buƙatarsa, kuma wane shiri ake yi?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Tambayar nan ta yawaita: an auna wa dattijo jini, PSA (wani sinadari da furostet ke fitarwa cikin jini) ya hau, an ce sai an sa allura an gutsuro naman furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) an kai lab a duba ko akwai ciwon daji. Ku da kuke kan aikin, a taimaka mana da abin da kuke gani a zahiri.

Likitan mafitsara: Wa alaikumus salam. Hawan PSA shi kaɗai ba ya kai mutum ga allurar nan. An saba ɗaukar 4 a matsayin iyaka, amma ƙwayar cuta a fitsari tana ɗaga shi, haka kumburin furostet na tsufa, haka robar fitsari, har saduwa da iyali ko doguwar tafiya a keke cikin kwana 2 kafin ɗibar jini. Sai a sake awon bayan mako 4 zuwa 6, in akwai ƙwayar cuta a fara kashe ta tukuna. Mai shan finasteride ko dutasteride (magungunan rage kumburin furostet) na wata 6 ko fiye kuwa, nasa PSA ɗin raguwa yake da kusan rabi, 3 a wurinsa tamkar 6 ne. Ya faɗa wa likita.

In ya ci gaba da hawa, ko yatsan likita ya taɓo wani wuri mai tauri ta dubura, sai hoton MRI inda akwai shi. Maki 1 zuwa 5 ake ba hoton, gwargwadon yadda abin da aka gani ya yi kama da ciwon daji. Mai 1 ko 2 sau da yawa sa ido kawai ake yi. Mai 4 ko 5 sai allura, kuma hoton ne zai nuna inda za a auna ta. Mai 3 sai an haɗa da girman furostet ɗin da tarihin gidansu. Tsohon da wasu cututtuka suka riga suka ci ƙarfinsa kuwa, a zauna da shi a tambayi ko sakamakon zai canza wani abu a kulawarsa kafin a wahalar da shi.

Mai haɗa magani: Dakta, bari in tsaya kan magunguna masu tsinka jini, don a nan ake yin ɓarna. Warfarin akan dakatar da shi kamar kwana 5 kafin ranar, clopidogrel kwana 7, apixaban da rivaroxaban kamar kwana 2. Ƙaramin asfirin na 75mg galibi ba a taɓa shi. Amma don Allah kada kowa ya ajiye maganinsa da kansa saboda ya karanta wannan, musamman wanda aka sa wa ƙarfe a jijiyar zuciya ko ya taɓa shanyewar ɓarin jiki. Likitan da ya rubuta maganin shi zai sa rana. A zo da kwalayen duka a leda, har na gargajiya.

Sista a ɗakin tiyata: Hanya biyu ce. Ta dubura, ko ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura. Ta dubura allurar tana ratsa bangon hanji, tana iya jan ƙwayoyin cutar bayan gida zuwa cikin jini, shi ya sa ake ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a fara, wasu wuraren har a wanke dubura. Ta fata wannan haɗarin ya ragu sosai, in akwai zaɓi a nemi ita.

Ana sa na'urar hoto mai kaurin yatsa a dubura, a yi allurar kashe zafi, sannan a ɗebi silin nama 10 zuwa 12, kowane siriri kamar zare, da ƙari daga inda MRI ya nuna. Duk harbi ɗaya za a ji ƙas! Ƙarar ta fi zafin firgita mutane, don haka a gaya musu tun da wuri. Minti 15 zuwa 20 an gama. In ba maganin barci za a ba shi ba, ya ci abincinsa, balle mai ciwon suga. Kada ya tafi gida sai ya yi fitsari.

Likitan mafitsara: Sista ta gama magana. Bayan an koma gida, jini a fitsari na 'yan kwanaki, a bayan gida kwana ɗaya ko biyu, a maniyyi har mako 6, launinsa kamar tsatsa, duk ba abin tsoro ba ne, kuma ba ya cutar da matarsa. Ya sha ruwa sosai, ya bar ɗaukar kaya mai nauyi kwana 2.

Abin da ba a kwana da shi: zazzaɓi 38 ko sama, rawar sanyi, ruɗewa, fitsari ya tsaya, ko gudan jini yana ta zuba. Mafi muni shi ne a ɗauka zazzaɓin sauro ne a sha farasitamol a lulluɓe. Ko tsakar dare ne a kai shi asibiti, a ce musu an yi masa wannan gwajin ranar kaza.

Ma'aikacin lab: Sakamako yakan fito cikin mako 1 zuwa 2. In an ga ciwon daji, za a rubuta makin Gleason, mai nuna zafin ciwon, daga 6 zuwa 10. Mai 6 tafiyar hawainiya yake yi, da yawa bibiya kawai ake musu. In kuma an ce ba a ga komai ba, Malam, kada a yar da katin asibiti. Allura tana iya wuce ƙaramin tabo, don haka a ci gaba da awon PSA a lokacin da likita ya tsara.