Wane suna za mu ba "extension" na VS Code da Hausa?

Mai Allo
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ana shirya bayani da Hausa kan yadda ake gano abin da ke sa VS Code, editar rubuta kod, saiɓi, sai aka cije a kalma ɗaya: extension, wato ƙananan manhajojin nan da ake saka wa editar don ta ƙara iyawa, kamar mai gane Python ko mai daidaita layukan kod. An kawo ƙari, an kawo tsawo, wasu sun ce a bar shi ekstenshan. Wanne kuka gani?

Bazazzagi
Wa alaikumus salam. Tsawo dai a jefar, fassarar ƙamus ce, babu abin da ke ƙara tsayi a nan. Ekstenshan kuma masu kayan wuta sun riga mu, in ka faɗa a kasuwa soket mai baki huɗu za a miƙo maka. Ƙari ya fi su dama-dama, sai dai ya yi faɗi da yawa, kuma shi ne sunan abin da likita ke cire wa mutum a tiyata.

'Yar Gobir
Malamai, ku duba yadda abin yake zaune kafin a raɗa suna. VS Code ba ta gudanar da waɗannan abubuwa a cikin tagar da kake rubutu. Akwai wani aiki daban da take tayarwa a gefe, extension host, shi ke ɗauke da su gaba ɗaya. Kuma layi ɗaya suke bi a cikinsa: in ɗaya ya riƙe layin na sakan uku yana lissafi, sauran duk jira za su yi. Shi ya sa za ka ga taga tana motsi lafiya, amma shawarar kalmomi ba ta fitowa, adana fayil yana jan ƙafa. Ni ɗan goyo nake ba da shawara, jam'i 'yan goyo, shi kuma host ɗin uwar goyo. Baya ɗaya ne, goyo da yawa.

Bakano
Hajiya, sunan ya yi daɗin baki, amma ina da ja biyu. Goyo ba ya yi wa uwa aiki, waɗannan kuwa aiki aka kawo su yi. Na biyu, da an ce goyo baki zai tafi ga "sauke", alhali sauke a wajen masu kwamfuta yana nufin ɗauko abu daga intanet. Ka rubuta "sauke ɗan goyon" mai karatu ya je ya ƙaro wani.

'Yar Gobir
Ja na biyu gaskiya ne, Alhaji. A bar sauke a inda take. Disable ya zama kashe, uninstall ya zama cire. Na farkon kuwa, ai mai bayanin saiɓi ba amfanin abin yake son nunawa ba, inda nauyi yake hawa yake son nunawa.

Bazazzagi
Bakano da ja, ko a farashin gishiri. Mu gwada kalmar a cikin aiki mu ji ko za ta zauna.

Da farko a tabbatar laifin 'yan goyo ne. Rufe editar gaba ɗaya, ka buɗe ta daga tamina, tagar buga umarni, da `code --disable-extensions`. Wannan yana kashe duk waɗanda ka saka da hannunka. In saiɓin yana nan, nemi matsalar a wani wuri. In ya tafi, buɗe ta yadda ka saba, danna Ctrl+Shift+P, rubuta `Developer: Show Running Extensions`. Za ka ga kowane ɗan goyo da milisakan nawa ya ci kafin ya tashi, wanda ya sandare kuma an yi masa alama. Amma wannan lamba ta tashi ce kawai. Wani zai tashi a milisakan 40, sai an buɗe babban fayil ya shaƙe uwar goyon. Don kama irin wannan, akwai maɓallin ɗaukar profile a saman shafin: ka kunna, ka maimaita abin da ke jawo saiɓin, ka tsayar, sai ya nuna wanda ya fi cin lokaci.

Ni a kunnena ta zauna.

Ɗan Damagaram
Ta zauna, sai dai akwai waɗanda ba a bayan uwar suke yin aikinsu ba. Masu gane harsuna da yawa suna tayar da nasu aiki daban, language server. Na harshen TypeScript sunansa tsserver, kuma iyakar RAM da aka sa masa tun asali megabait 3072 ce. Kwamfutar da ke da RAM gigabait 4 ba ta da wannan sararin, sai ta koma jingina da diski, komai ya yi tafiyar hawainiya. A nan uwar goyo za ta nuna ba ta da laifi. Sai ka buɗe `Developer: Open Process Explorer`, ko ka buga `code --status`, ka ga wa ke cin furosesa da RAM. Sau da yawa ba ɗan goyon ne ya lalace ba, folda ce aka buɗe mai fayil dubbai, yana ta bin node_modules, foldar da ake tara kod ɗin da aka ɗauko daga waje, ko foldar da ake zuba sakamakon gini. A sa su a saitin `files.watcherExclude` da `search.exclude`. A Linux in ta ce ta kasa sa ido kan sauyin fayiloli, iyakar inotify ce ta cika, ana ɗaga `fs.inotify.max_user_watches` zuwa 524288, amma a fara rage foldojin tukuna.

Mai Allo
To bisect fa? Shi ma yana cikin bayanin.

Bakano
Raba-biyu, babu wani dogon nema. `Help: Start Extension Bisect` ya shigo a sigar 1.52, ta Nuwamban 2020. Yana kashe rabin 'yan goyonka, ya sake loda taga, ya tambaye ka ko matsalar tana nan. Daga amsarka ya san rabin da mai laifi yake, ya sake raba shi. Mai 'yan goyo 40 zagaye shida ya ishe shi, maimakon kashe su ɗaya bayan ɗaya. Inda ake kuskure: sai kana da hanyar tayar da saiɓin duk lokacin da ka so, misali fayil kaza ka buɗe ka adana. In saiɓin mai zuwa ne ya tafi, amsa ɗaya ta kuskure za ta kai ka ga wanda bai ji ba bai gani ba. Haka in biyu ne ke faɗa da juna, kamar masu daidaita kod biyu a kan fayil ɗaya, zai nuna ɗaya kawai.

Kun ji ni ma na ce 'yan goyo. Na janye ja na farko.

'Yar Gobir
Madalla. A ƙara wannan a bayanin: in rubutun kansa ke makara, ka danna harafi sai daga baya ya fito, a duba 'yan goyo masu kwaikwayon editar Vim, domin kowane harafi sai ya bi ta uwar goyo kafin ya hau allo. Saitin `extensions.experimental.affinity` yana ba irin wannan uwar goyo tasa shi kaɗai. In kuma bayan sabuntawa abin ya fara, a koma tsohuwar siga daga menu na ɗan goyon, a hana shi sabunta kansa. Wanda a aiki ɗaya kawai yake damunka, a kashe shi a wannan foldar da `Disable (Workspace)`, ba sai an cire ba.

Mai Allo
An gode, Allah ya ƙara sani. Za a rubuta ɗan goyo, 'yan goyo, uwar goyo, raba-biyu, kashe da cire. Sunayen umarni za a bar su yadda suke fitowa a allo don mai nema ya same su. Saura language server, gobe in Allah ya kai mu.