"Advantage play" da Hausa: neman lago ne ko coge?

Assalamu alaikum masu aikin fassara da masu kishin harshe. Kwana uku ke nan kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Ina juya labarin wata tsohuwar shari'a da aka yi a Landan tsakanin wani ɗan caca da gidan caca, sai na ci karo da "advantage play". Na rubuta maguɗi, na goge. Na rubuta dabara, ita ma na goge. Shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Kafin wani ya tambaya: caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ambace ta tare da giya, kuma ba ni da ja a kan wannan. Sai dai labarinta yana zuwa teburin mai fassara ko yana so ko ba ya so. Idan muka ɗauki kalmar da ba ita ba, ko dai mu liƙa wa mutum laifin da kotu ba ta same shi da shi ba, ko mu wanke wanda kotu ta kama. Duka biyun zalunci ne, kuma da bakinmu za a yi shi.

Ga abin da kalmar take nufi a can inda aka haife ta. Kowane wasa a gidan caca an gina shi ne yadda gidan zai riƙa cin wani ɗan kaso a kai a kai. Yau ka ci, gobe a ci ka, amma idan aka daɗe ana yi lissafi yana bayan mai gida. To akwai mutanen da sana'arsu ita ce su nemo inda wannan lissafi ya yi rauni, su juya shi ya koma bayansu, ba tare da sun karya dokar wasan ba. Su ake kira "advantage players".

Wanda ya fi shahara a cikinsu malamin lissafi ne, Edward Thorp, Ba'amurke. A 1962 ya fitar da littafinsa Beat the Dealer, inda ya nuna cewa wasan karta na bilakjak yana da wata kafa: katin da aka riga aka raba ba ya komawa akwati sai an sake gaurayawa. Ke nan mai lura zai iya sanin irin katin da ya rage. Hanyar da ta fi yaɗuwa daga baya mai sauƙi ce. Kati daga 2 zuwa 6 ya fito, ka ƙara ɗaya a zuciyarka. Mai daraja 10 ko as, wato kati mai harafin A, ya fito, ka rage ɗaya. 7, 8 da 9 ka bar su su wuce. Idan lissafinka ya hau, manyan katuna sun yi yawa a cikin akwati, sai ka ƙara kuɗin da ka zuba. Bai taɓa kati ba, bai haɗa baki da kowa ba, bai yi wa kowa ƙarya ba. Idonsa ne da ƙwaƙwalwarsa, a kan abin da kowa a teburin yake gani.

Shin wannan maguɗi ne? Wani mai irin wannan lissafi, Ken Uston, da gidan cacar Resorts International na Atlantic City ya hana shi wasa, ya kai ƙara, kuma a 1982 kotun ƙolin jihar New Jersey ta ce gidan ba shi da hurumin korar mutum don kawai ya iya ƙirga kati. A Nevada kuwa, jihar da Las Vegas take, gida yana da damar ya ce maka ka tashi, amma ba a kai ka kurkuku don ka yi lissafi da ka. Abin da suka haramta a 1985 shi ne ka shigo da na'ura ta yi maka lissafin. To ka ga idan na rubuta "masu maguɗin karta" a kan Thorp da Uston, na yi musu ƙazafi.

*

Na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri. Bari in bi waɗanda suka fi tsaya mini a rai.

Malam, ka kawo "wasan fifiko", wani kuma ya ce "wasan riba". Na gode, amma ka karanta wa wanda bai ji Turanci ba ka ga ko zai gane. Fifiko a kan wa? Kowane ɗan caca riba ya je nema. Kalmomin sun bi Turancin sawu da ƙafa, ma'anar kuma ta tsaya a can.

Yaya, kin ce "wayo". Na daɗe a kanta. Matsalarta ita ce idan Bahaushe ya ce "ya yi mini wayo", ƙorafi yake yi, yana nufin an cuce shi ta hanyar da ba zai iya kai ƙara ba. Kalmar ta riga ta yanke hukunci tun kafin a ji shari'a. "Dabara" kuma ta yi faɗi, har mai ɓoye kati a hannun riga dabara ya yi. "Ƙwarewa" da "gwaninta" suna yabon mai wasan ne kawai, ba su ce komai a kan raunin gidan ba, alhali raunin gidan shi ne gundarin maganar.

Wanda ya kawo "rinto" saboda ya ji ana maganar ƙirge, a'a ɗan'uwa. Rinto shi ne ka ɓata ƙidaya da gangan, ka ce bakwai ne alhali shida ne. Mai ƙirga kati gaskiyar ƙidaya yake nema. A bar wannan a "ƙirgen kati", ya wadatar.

Sai Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya, da ya rubuta kalma ɗaya tak: lago. Ina ganinta na ajiye biro. "Ya gano lagonsa." Haka muke faɗa idan ɗan kokawa ya fahimci inda abokin karawarsa yake da rauni, ko ɗan kasuwa ya gane ta inda zai shawo kan mai kaya. Babu zargi a ciki, babu yabo mai yawa. Wani ya yi gyara cewa muna kuma cewa "an karya lagonsu", inda lago yake nufin abin da ƙarfin mutum ya dogara a kai. Gaskiya ne, kuma wannan ƙara mini son kalmar ya yi. Ɗan kason nan da gidan caca yake ci, shi ne ƙarfinsa, kuma nan ne daidai inda ake kama shi. Ma'anonin biyu sun haɗu a wuri guda.

Don haka shawarata: "advantage play" ya zama neman lago, mai yin sa kuma mai neman lago, jam'i masu neman lago.

*

Ɗaya ɓangaren ba ma buƙatar ƙirƙira, muna da shi tun kaka da kakanni. Coge. Maguɗi ya fi zama a zaɓe da jarrabawa da awo, zamba da damfara na mai raba ka da dukiyarka da yaudara ne, ha'inci na wanda aka ba amana ne, kamar mai rabon kati da ya haɗa baki da ɗan wasa. Amma a fagen wasa, abin da yaro yake ihu da shi idan an cuce shi shi ne "coge ne!"

Ina tuna wata tsohuwar karta da muke bugawa a zaure muna yara, ba ta kuɗi ba. Ta sha hannu har ta yi laushi, kuma akwai kati ɗaya da kusurwarsa ta gutsure tun kafin ta zo hannunmu. Duk mai ido ya san shi ko a kife yake. Ba wanda ya taɓa kiran wannan coge, wanda bai lura ba shi ya so. Amma ranar da muka kama ɗaya daga cikinmu yana dannawa manyan katuna farce a baya, ɗan layi siriri da ba ka gani sai ka karkata katin wajen hasken ƙofa, wasan a ranar ya watse. Ba wanda ya koya mana bambancin, mun san shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma dabam ne da wanda ya zo da guduma ya tsaga bangon da kansa.

Yanzu ga shari'ar da ta jawo duk wannan, don a nan ne kalmomin biyu suke gogayya.

Phil Ivey, Ba'amurke, yana cikin manyan gwanayen wasan poka na duniya. A watan Agusta na 2012 ya shiga gidan caca na Crockfords a unguwar Mayfair ta Landan tare da wata mata, Cheung Yin Sun. Wasan da suka zauna a kai shi ne punto banco, wani nau'in wasan karta da ake kira bakara, wanda babu gwaninta a cikinsa, sa'a ce zalla, kuma gida yana cin ɗan abin da ya haura kashi 1 cikin 100. A cikin kwana biyu suka tashi da fam miliyan 7.7. Gidan ya mayar masa da fam miliyan 1 da ya zo da shi, ya ce sauran ba zai biya ba.

Me suka yi? Zanen da ke bayan wasu katuna, idan injin masana'anta ya yanka su, gefe ɗaya mai tsawo yakan ɗan bambanta da ɗayan. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, amma Sun ta horar da idonta a kansa. A wannan wasa katunan da suka fi tasiri su ne 7, 8 da 9. Sai ta riƙa roƙon mai rabon katin, ita ma mace ce, cewa ta juya mata wasu katuna kai ya koma ƙafa, wai don sa'a. Suka nemi a riƙa gauraya katin da inji, domin inji ba ya sauya fuskar da kati yake kallo. Suka nemi a bar musu wannan akwatin dai, mai katuna 416, wai shi ne mai sa'arsu. Gidan ya amince da komai, don gidajen caca sun saba lallaɓa camfin mai zuba manyan kuɗi. Da aka gama juyawa, Ivey yana kallon bayan katin farko a bakin akwati ya san ko yana cikin 7, 8 da 9 ne kafin ya zuba kuɗi. Lissafin ya juye, ya koma bayansa da kusan kashi 6.5 cikin 100.

Ivey bai ɓoye komai a kotu ba. Ya ce shi mai neman lago ne, kuma abin da ya yi halas ɗin wasa ne, tun da ko kati ɗaya bai taɓa ba. Alƙalin farko, Mitting, a 2014 ya yarda cewa mutumin gaskiya yake faɗa kuma har zuciyarsa bai ɗauki abin a matsayin cuta ba, amma duk da haka ya ce cuta ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta bi shi a 2016. A ranar 25 ga Oktoba 2017 alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya suka haɗu a kan magana ɗaya, Lord Hughes ya rubuta hukuncin. Hujjarsu ita ce da Ivey ya saci jiki ya buɗe akwatin ya jera katunan da hannunsa, ba wanda zai yi musun cuta ce, kuma abin da ya yi ke nan, sai dai da hannun ma'aikaciyar da ba ta san me ake sa ta yi ba.

Ƙanena, na ga ka rubuta cewa ai gidan ne ya yarda, kwaɗayinsa ne ya kai shi. Ban musa kwaɗayin ba, kuma ba na jin tausayin gidan caca ko kaɗan, da hawayen mutane aka gina shi. Amma a kan me ya yarda? A kan camfi. An fake da guzuma an harbi karsana. Matar da ke rabon katin tana tsaye tana juya su ɗaya bayan ɗaya, a zatonta tana faranta wa baƙi rai ne. Ita ce take tsaya mini a rai duk lokacin da na karanta labarin. A ganina kotun ta yi daidai. Da Sun ta tsaya a kan abin da idonta ya gani a bayan katin kamar yadda ya fito daga masana'anta, da neman lago ne. Daga lokacin da aka yi wa wata ƙarya don ta sauya zaman katunan, an shiga coge.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake roƙon kada mu yi gaggawar rubuta "zamba". Ivey da Sun sun yi irin wannan a gidan cacar Borgata na Atlantic City a 2012, suka ci dala miliyan 9.6. Alƙalin tarayya a can, Noel Hillman, ya ce ba su yi zamba ba a ma'anar doka, amma sun saɓa yarjejeniyar wasa, ya umarce su su biya dala miliyan 10.1. Idan mai fassara ya jefa zamba a wannan labari, ya faɗi akasin abin da alƙali ya faɗa.

Wata 'yar'uwa ta tambaya ko me za mu kira ainihin wannan hanya ta duba gefen kati. Na sa "karanta gefen kati", idan akwai wadda ta fi ta daɗin faɗa a rediyo a kawo. Jimlar da ta hana ni barci kuwa, ga yadda na miƙa ta ga edita da safiyar nan: "Ivey ya shaida wa kotu cewa shi mai neman lago ne, amma alƙalan sun yanke cewa sa ma'aikaciyar ta juya katunan da sunan camfi coge ne, don haka gidan ba zai biya shi fam miliyan 7.7 ɗin ba."