Waƙoƙin 'yan asalin Meziko a Amurka: hip-hop da zancen mazantaka

Ɗalibar Adabi, Jos:
Assalamu alaikum. Ina shirya takarda a kan rubutattun waƙoƙin matasan Amurka da iyayensu suka fito daga Meziko. Me ya sa suke ɗaukar salon hip-hop, alhali baƙaƙen fata ne suka assasa shi a unguwar Bronx ta New York a 1973? Kuma me ya sa zancen uba da mazantaka yake yawan fitowa a baitocinsu?

Malamin Tarihi, Bukuru:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki fara da 1848, shekarar da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta miƙa wa Amurka kusan rabin ƙasar Meziko, har da Kalifoniya, mutane suka wayi gari baƙi a garuruwan kakanninsu. Daga wannan ciwon Rodolfo Gonzales, tsohon ɗan dambe a Denver, ya rubuta doguwar waƙarsa "I Am Joaquín" a 1967, da muryar jarumin da ba ya rusunawa. Matasan yanzu kuwa sun tashi kusa da baƙaƙen fata a Chicago da Los Angeles, saboda haka hip-hop kiɗan ƙuruciyarsu ne, ba aro suka yi ba. Mu a Jos bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, tunda garin nan ne ya raini mawaƙan hip-hop M.I Abaga da Ice Prince.

Mai Son Waƙa, Gangare:
Ni ina ganin abin ya yi kama da kirarin 'yan dambe, domin wanda aka raina a makaranta da wurin aiki dole ya wasa kansa da bakinsa.

Malamar Adabi, Rayfield:
Malam, kirarin yana nan, amma ba a nan waƙoƙin suka tsaya ba. Ki nemi littafin José Olivarez, "Citizen Illegal", na 2018, ƙanwata. Ɗa ne ga baƙi 'yan Meziko, ya tashi a Calumet City kusa da Chicago, kuma abin da ya fi taɓa ni a wurinsa shi ne yadda yake kallon mazan gidansu, masu aikin ƙarfi da aka horar a kan kada su yi kuka, kada su furta ƙauna. Yana girmama wahalarsu ƙwarai, amma ya ƙi ya gaji shirun nasu. A kan wannan zan so ki gina takardarki.