Muna son koya wa mutanen unguwarmu haɗa taki a gida: ta ina za mu fara?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ni da wasu matasan unguwarmu mun yi niyyar ba da ranakun Asabar ɗinmu, domin Allah ba domin kuɗi ba, mu koya wa magidanta yadda ake mayar da sharar gida taki. Abin da ya tunzura mu shi ne, da damina ta kankama a watan Agusta shara takan toshe magudanan ruwa har ruwa ya shiga gidaje, ga shi kuma tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 takin zamani ya ƙara yi wa ƙaramin manomi nisa. Wace hanya ce ta dace da zafin Sakkwato da ƙarancin ruwanmu, kuma yaya za mu yi mutane su karɓe ta?

Manomin Kwalkwalawa:
Wa alaikumus salam, ɗana, Allah Ya yi muku albarka. Kada ku shiga wa mutane kamar kun zo da baƙon abu, domin iyayenmu sun daɗe suna lodin sharar gari a mangala, jakuna su kai ta gonakin bayan gari kafin shuka. Abin da ya ɓata wannan al'ada shi ne leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura, waɗanda suka sa manomi ya fara gudun takin juji. Saboda haka darasinku na farko shi ne raba shara tun daga bakin tsintsiya.

Game da zafi kuwa, tarin da aka bari a fili a watan Afrilu bushewa zai yi, ba zai ruɓe ba. A haƙa rami mai zurfin gwiwa a inuwar bishiya ko ta katanga, a shimfiɗa sassaren karan gero a ƙasa, a bi shi da busasshen ganye, sannan kashin awaki ko na shanu, a yayyafa ruwa da 'yar ƙasa, a yi ta maimaitawa har ramin ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma. Bayan 'yan kwanaki ka soka sanda a tsakiya, ka zare ka taɓa. Idan ta ɗauki zafi, aiki ya kama.

Malama daga Arkilla:
Ɗan'uwa, shawarar Baba ta yi, sai dai akwai abin da nake so ku lura da shi. Shara a hannun mata take, kuma yawancin gidajenmu ba a shiga, don haka idan babu mata a cikinku, maganarku za ta tsaya a zaure. Ku nemi malaman Islamiyyun matan aure su ba 'yan'uwanku mata ɗan lokaci bayan an tashi karatu.

Sannan kada ku dogara da ragowar abinci, domin a nan ba ya kai wa juji: ɓawon dankali da dusa na akuya ne, ƙanzo kuma ana jiƙa shi a ci ko a ba kaji. Ainihin kayan takinmu shi ne sharar turke, wato kashin awaki da ragowar harawar da suka tattake, tare da ganyen darbejiya da ake sharewa kowace safiya. Matar da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ba za ta zuba shi a rami ba, amma za ta yarda ta tara ruwan wankin shinkafa da na gero, muddin babu sabulu a ciki. Idan ta ga zogale da yakuwar maƙwabciyarta sun yi kore shar a cikin buhu, da kanta za ta zo tambaya.

Ɗalibin Aikin Gona:
Ina neman afuwar Baba, zan ɗan ƙara a kan batun rami. Yana da kyau da rani, amma daga Yuli zuwa Satumba ruwa yakan kwanta a ciki, iska ta kasa shiga, takin ya yi ɗoyi, kuma ƙorafin maƙwabci guda ya isa ya kashe muku aikin. Da damina gara a tara shi a kan tudu, a yi masa 'yar rumfa. A riƙa juya shi duk bayan mako biyu, a damƙi kaɗan a matse: ya kamata ya dunƙule a hannu ba tare da ruwa ya tsiyaya ba. Toka kaɗan ake barbaɗawa, domin yawanta yana sa sinadarin naitirojin da ke cikin kashin dabbobi, wanda shuka ke buƙata don girma, ya bi iska. Nama da ƙashi da mai ba sa shiga, saboda ɓeraye da ƙudaje. Idan an kula da shi, cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya daina zafi.

Kafin ku taɓa komai, Malam, ku gaida mai unguwa da limami, ku roƙi wuri kusa da masallaci ko makaranta inda za ku yi na gwaji kowa yana gani. Ku kuma tuntuɓi masu noman albasa da kayan lambu a fadamun Rima tun yanzu, domin gidan da ba shi da gona ya san wanda zai sayi takinsa.